Mutumin da Ya San Shekarun Ƙwayayen Fitila

Akwai wani mutum, maigida, wanda ba abin da yake ƙauna kamar tara tsofaffin ƙwayayen fitilar lantarki. Yakan bi tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da kangayen da Turawan haƙar kuza suka bari, yana kwance su ɗaya ɗaya, har ya tara arba'in da bakwai. Ya sa kafinta ya yi masa kabad mai gilashi, ya jera su a kan auduga, babba gaba da ƙarami. Da ya ɗaga ƙwai ya san zamaninsa. In ya ga ɗan tsini a kan gilashin ƙwan, ya ce wannan ya girmi kakan kowa. In ya ga zaren ciki ya lanƙwashe kamar gashi, ko gindin tagulla ya yi kore, ya rubuta shekara a 'yar takarda ya ɗaura masa a wuya.

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa mai raunin ido, a ɗakin ƙurya wanda ba shi da taga. Ko da rana tsaka sai da fitila take gani. Ran nan ƙwan ɗakinta ya mutu, ta kira shi.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ɗakina ya yi duhu."

Ya ce, "Haba Inna, ke da ɗanki ne sarkin ƙwai? Ba zan sa miki na kasuwa ba, irin wanda aka haifa jiya. Bari in zaɓo miki wanda ya dace da girmanki."

Sai ya ɗauko biyu mafi tsufa, ya rasa wanne ne babba. Ya kira maƙwabcinsa, wani tsohon mai gyaran wuta, suka zauna a gindin mangwaro suna musu. Wannan ya ce na jirgin ƙasa ne gaba, wancan ya ce na kuza. Kwana ɗaya, kwana biyu, har kwana shida. Tsohuwa tana laluben bango.

A rana ta bakwai da hantsi ta tashi neman ruwa, ta yi tuntuɓe da kujera 'yar tsugune, ta faɗi, ƙugunta ya karye. Mutumin ya ji ihu, ya sheƙo da ɗaya daga cikin tsofaffin ƙwayayen nan biyu, ya hau turmi ya ɗaura, ya kunna. Shiru. Ya kawo na biyu. Shiru. Ga wuta kuwa a gidan, rediyo na ta magana a tsakar gida.

Daga ƙasa inda take kwance, uwar ta ce, "Kaɗa shi a kunnenka."

Ya kaɗa. Ya ji ƙyas-ƙyas, tsinkakken zare yana rawa a ciki. Ya koma kabad yana kaɗawa ɗaya bayan ɗaya. Duk arba'in da bakwai ɗin haka suka amsa masa.

Ta ce, "Ashe maƙabarta kake gadi, ɗan nan. Ka je ka aro mini tocilan."

Ma'anar wannan misali ita ce, mu ne mutumin nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake. Shekara tara ba na garin nan. Na dawo na tarar ba abin da muka ƙware a kai kamar lissafin shekaru. Mun san shekarar da aka kafa harsashin majami'ar nan. Mun san kakan wa ya fara karɓar bishara, da wanda aka yi wa baftisma a kogi da wanda aka yi wa a kwatami. In mutum ya miƙe zai yi magana, kafin a ji me zai ce sai an tambaya, ɗan gidan wa? Yaushe ya zo? Wata uku dattawa suna zama a kan sunan wa za a fara rubutawa a jikin sabuwar ƙofa. A cikin wata ukun nan gwauruwa ta kwanta ciwo a bayan kasuwa, ba wanda ya leƙa ta, sai da maƙwabta suka aiko mana ranar jana'iza.

Tsufa ba laifi ba ne, jama'a. Waɗanda suka riga mu sun ba da haske har suka ƙone, shi ya sa muke tunawa da su. Amma takardar da ke wuyanka ba ta haska ɗakin kowa. Ubangiji ba zai karanta ta ba. Zai ɗaga ka ne ya kaɗa a kunnensa. Gara kai ka kaɗa kanka yau, tun wadda ke ɗakin ƙurya tana tsaye da ƙafafunta.