Irin Geron Bushiya

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, mun baza kunne.

Wata shekara aka yi sanyi mai shiga ƙashi, abinci ya ƙare a daji. Bushiya ba abin da ya rage a rumbunta sai ɗan irin gero, Kurege kuwa ya sa masa ido.

"Yaya Bushiya, fito da irin nan mu daka. Sanyin bana ba mai wucewa ba ne."

"Wane iri, ƙanena? Ai ɓeraye sun cinye."

Yana juya baya ta ruga gonarta, ta binne kaɗan nan, kaɗan can, don kada ya same shi wuri guda. Ta koma rami ta dunƙule, barci ya kwashe ta.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya tashe ta. Sanyi ya tafi, shamuwa ta dawo, ruwan fari ya kwana bakwai da sauka. Gabanta ya faɗi, shuka ta wuce ta!

Ta isa gona, sai ga gero ya tsiro kore shar, Kurege tsaye baki buɗe.

"Yaya, yaushe kika yi shuka?"

Ta yi miƙa a hantsi, ta yi hamma. "Ranar da kake laluben rumbuna."

Ƙurunƙus kan ɗan kurege!