Birkin da Ermes Ya Ce Nasa Ne Shi Kaɗai

Akwai wani injiniya a garinmu Mirandola, sunansa Ermes Malavasi. Shi da amininsa Ottavio suka buɗe 'yar masana'anta, suna ƙera na'urar da ke tura magani cikin jijiyar majinyaci. Tare suka ƙirƙiro mata birki, yadda ko ma'aikaciyar jinya ta yi kuskure wajen dannawa, maganin ba zai wuce ƙa'ida ba.

Sai Ermes ya zagaya ta baya, ya yi rajistar mallakar birkin da sunansa kaɗai.

Ottavio ya ce, "Haba Ermes, ni fa?"

"Kai me? Kai da aikinka miƙo mini sukundireba?"

Ottavio ya kwashe kayansa ya buɗe nasa wurin, ya ci gaba da ƙera birkin. Ermes kuwa ya maka shi a kotu.

Shari'a ta yi ta ja. Abokan da suke buga karta da su a shagon kofi suka fara janye jiki, don ba wanda ke son a ce ya bi ɓangare. Ermes ya koma cin taliyarsa shi kaɗai a ofis. Kewar Ottavio na cin sa, amma wallahi ko kusa ba zai faɗa ba.

Ranar zaman ƙarshe lauyan Ermes ya roƙe shi ya yi shiru. Ina! Da lauyan Ottavio ya ce tunanin na mutum biyu ne, sai Ermes ya miƙe zumbur.

"Ya mai shari'a, ƙarya ne! Tun kafin rajista ni kaɗai na kai birkin nan kasuwar baje koli a Bologna. Na buɗe cikinsa, kowa ya gani!"

Lauyansa ya dafe kai.

Alƙaliya ta ce, "Kafin rajista ka ce? To ai abin da aka baje wa duniya kafin rajista ya daina zama sabo a idon doka, kuma sabon abu kaɗai ake yi wa rajistar mallaka."

Aka soke rajistar. Birki ya zama na kowa, duk mai so ya ƙera, ba sunan Ermes, ba na Ottavio.

Ranar Lahadi Ermes ya ɗauki kwalbar ruwan inabi ya nufi gidan Ottavio. Matar Ottavio, Nives, ta buɗe ƙofa kaɗan. Ƙanshin romo ya fito, ana jin ƙarar cokula.

"Nives, yana ciki?"

Daga can ciki Ermes ya ji Ottavio ya yi tarin nan nasa da ya sani tun suna samari.

Nives ta sunkuyar da kai. "Ya ce in ce maka ba ya nan."

Darasi: Abin da kuka gina tare, kada girman kai ya sa ka ce naka ne kai kaɗai, don kana iya rasa abin, ka kuma rasa mutumin. Ku tura wannan labari ga wanda kuka fara tafiya tare da shi, tun ƙofarsa na buɗe.