Ɓarawon Tafkin Sarki

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai ƙarancin ruwa, mutum ne mai son talakawansa ƙwarai, mai kuma saurin fushi ƙwarai, waɗannan halaye biyu kuwa ba su cika barin juna su zauna lafiya a ƙirjinsa ba. A shekarar da ya hau gado aka yi fari. Rijiyoyi suka ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba, ya ga mata suna yini a bakin rijiya su koma gida da tuluna wayam, abin ya tsaya masa a rai.

Saboda haka ya tara mutane aka haƙa tafki a gabas da birni. Aka daɓe ƙasansa da laka don kada ruwa ya tsiyaye, aka zagaye shi da katanga mai ƙofa ɗaya. Sarki ya ce a yi shi da faɗi sosai, yadda matafiyi zai hango sheƙinsa tun daga nesa ya san ya shigo ƙasar mai tausayi. Zurfi kuwa bai dame shi ba. Ya kafa doka cewa ba mai ɗiban ko ludayi ɗaya sai ƙarshen rani, lokacin da rijiyoyi suka gaza. A tsakiyar tafkin aka kafa gora mai tsaga-tsaga, don a riƙa ganin inda ruwa ya tsaya.

Damina ta cika tafki taf. Amma kafin rani ya ƙare sai aka tarar fiye da rabin ruwan babu shi, ƙofa kuwa a kulle. Sarki ya tambayi waziri ina ruwan ya tafi. Shi wazirin nan bai taɓa barin tambayar sarki ta faɗi ƙasa ba, ko da amsar ta aro ce. Ya ce, "Ya sarki, ruwa ba shi da ƙafa. Wanda ke riƙe da makulli shi za a tambaya." Aka kori mai tsaron tafkin, wani dattijo mai suna Korau, daga ƙasar gaba ɗaya. Shekara ta biyu aka kori wanda ya gaje shi, Jatau. Sarki ya kuma sa aka sare duk itatuwan da ke bakin ruwan, wai don kada ɓarayi su sami maɓoya. A shekara ta uku ruwan ya ragu fiye da kowane lokaci, sarki ya ce kora ba ta tsorata kowa ba. Ya yanke cewa mai tsaro na uku, Tunau, magidanci mai 'ya'ya biyar, za a yanke masa hannu ranar kasuwa mai zuwa.

Sankira ya fita yana shela. Kowa ya ji sai ya sunkuyar da kai, ban da wata tsohuwa mai tallar gishiri, ana kiranta Tasalla, wadda ta saki dariya har ta dafe ƙwaryarta. Dogarai ba sa son dariyar da ba su san dalilinta ba, suka tasa ta gaba har fada.

Sarki ya dube ta, ya ga 'yar ƙaramar tsohuwa, tafin hannunta duk ya tsattsage don aikin gishiri. Ya ce, "Iya, hukuncina ne ya ba ki dariya?"

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ba hukuncin ba. Na ji an ce an kama ɓarawon tafki ne, alhali kuwa yanzun nan na baro shi a kasuwa yana ta sha'aninsa."

"Kin san shi?"

"Ya sarki, shekara arba'in muna sana'a tare. Ni in zuba, shi ya kwashe, abin da ya bar mini shi nake sayarwa in ci tuwo. Ranar da bai fito ba kuwa, a gidana ba a ɗora tukunya."

Waziri ya yi farat ya ce, "Ga shi ta amsa da bakinta, abokiyar ɓarawo ce."

Sarki ya ɗaga masa hannu, don maganar ta fara ba shi sha'awa. Ya ce, "Faɗi sunansa a kamo shi."

Ta ce, "Dogarinka ba ya iya kama shi, ko kallonsa ido da ido ba zai iya ba. Kullum yana shiga gidanka ba sallama, ba ka taɓa hana shi ba. Yana da kuma abokiyar tafiya wadda ba a ganinta sai dai a ji wucewarta. In na faɗi sunansu yanzu, ya sarki, za ka ce tsufa ya taɓa ni. Amma in ka yarda, sai ka yi tsaron ruwa da kanka kwana bakwai, ka gani ko za ka fi Tunau."

Sarki ya ji zuciyarsa ta taso, amma girman kai ya riga fushi zuwa bakinsa, ya ce ta faɗi sharaɗinta.

Ta ce a kawo tasa biyu na tagulla, waɗanda ba sa yoyo, a cika kowace da ruwa zurfin yatsa huɗu, a ɗora su a kan soron sarki inda ba mai hawa. Ɗaya a rufe ta da murfinta, ɗayar a bar ta a buɗe, sai dai a yafa mata raga don kada tsuntsu ya sha. Sarki ya kulle matakalar da hannunsa, ya rataya makullin a wuyansa. Ta ce, "In ruwa ya ragu, ya sarki, sai mu bi maganar waziri, mu tambayi mai riƙe da makulli."

Sarki ya yi dariya ya ce ya yarda, kuma hannun Tunau zai jira har kwana bakwai ɗin su cika.

Rana ta farko da ya hau bayan la'asar bai ga wani canji ba, ya sauko yana murmushi. Rana ta biyu ya ga kamar ruwan buɗaɗɗiyar tasar ya ja baya daga inda ya yi masa alama da wuƙa, ya ce idonsa ne. Rana ta uku ya sa yatsa ya auna, ya tarar ba idonsa ba ne. Ya duba ragar, ba ta yage ba. Ya ɗaga tasar ya shafa gindinta, a bushe yake ƙayau. A rana ta huɗu ya hana kansa zaman fada, ya sa laima ya zauna a kan soron tun hantsi har rana ta yi sanyi, idonsa a kan ruwan. Ba abin da ya zo sai zafin rana da busasshiyar iskar bazara. Da ya auna kafin ya sauka, ruwan ya sake raguwa, a gabansa, yana kallo.

A nan ne tsoro ya fara shigarsa, ba tsoron tsohuwa ba, tsoron abin da ya riga ya aikata. Ya tuna yadda Korau ya yi ta rantsuwa a gabansa har muryarsa ta dushe, shi kuwa yana ganin yawan rantsuwar ma alamar rashin gaskiya ce. Kwanakin da suka rage abinci bai yi masa daɗi ba.

Da sassafen rana ta takwas ya kira tsohuwa da waziri da manyan fada, ya sa aka fito da Tunau daga kurkuku, suka hau soron gaba ɗaya. Buɗaɗɗiyar tasar ba abin da ya rage cikinta sai ɗan danshi da wani farin tabo a gindi.

Tasalla ta ce, "Ya sarki, wa ke riƙe da makulli?"

Ya ce, "Ni ne."

"Ka sha ne, ko ka sayar?"

Waziri ya buɗe baki zai tsawata mata, sai ya tuna maganar wa ake bi, ya mai da bakinsa ya rufe. Sarki ya ce, "Ban sha ba, ban sayar ba, ba kuma wanda ya hau. Iya, faɗa mini abin da na gani, don na gani ban gane ba."

Ta ce a buɗe ta biyun a hankali. Ruwanta yana nan kusan yadda aka zuba shi. Ta juya murfin, wanda ke da sauran sanyin safiya, sai ga ɗigo-ɗigon ruwa sun manne a cikinsa, suna gangarowa.

Ta ce, "Ga kayan satar an tare su a hanya. Ɓarawon nan rana ce, ya sarki, abokiyar tafiyarta kuwa iska. Kowace mace ta san in tukunya ta tafasa tururi yana tashi. To, rana ma wuta ce, sai dai tana dafa ruwa a hankali, tururinsa ba ya ganuwa. Duk ruwan da ya buɗe fuskarsa gare ta, tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, iska ta kwashe ta yi gaba. In iskar busasshiya ce kamar ta yanzu, ƙishirwarta ta fi yawa. Mu masu gishiri da haka muke ci. Mukan kankaro ƙasa mai gishiri, mu tace ta da ruwa, mu zuba a faffaɗan kasko, mu bar wa rana. Ita ta ɗauki ruwan, ta bar mana gishirin, don ba ta ɗaukar komai sai tsantsar ruwa."

Sarki ya ce, "Ina take kai shi?"

"Sama. Can sama akwai sanyi, ko mai hawan dutse zai gaya maka. In tururin ya isa wurin sanyi sai ya koma ɗigo, yadda ya yi a jikin murfin nan. Ɗigon in ya taru shi ne girgije. In ya yi nauyin da iska ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo, mu ce Allah ya ba mu damina. Ruwan tafkinka bai ɓata ba. Yana can ya shayar da gonar wasu, kamar yadda ruwan da ya cika tafkin ya taso daga kogunan wasu da tekun da ba mu taɓa gani ba. Haka Ubangiji ya tsara abinsa, yana kewayawa."

Sarki ya ce, "To, me ya sa rijiya ba ta raguwa haka?"

Tsohuwa ta san amsar ba mai daɗi ba ce, amma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Rijiya bakinta ƙarami ne, cikinta inuwa, iska ba ta shiga. Ni in ina son ruwa ya tafi da wuri, ba na zuba shi a tulu. Faffaɗan kasko nake nema marar zurfi, in ajiye shi a fili inda ba inuwa, ba abin da ke tare iska. Ranka ya daɗe, wanda ya tsara tafkin nan, ya kuma sa aka sare itatuwan bakinsa, da gishiri yake nema da na ce gwani ne."

Sarki ya daɗe yana duban busasshiyar tasar. Sa'an nan ya juya wajen Tunau, ya kwance masa igiya da hannunsa, ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini." Tunau sai kallon hannunsa na dama yake yi yana hawaye.

A ranar sarki ya ba da umarni a haƙa tafkin ya yi zurfi, a rage faɗinsa, a dasa itatuwa kewaye da shi. Ya kuma tashi manzanni su nemo mutum biyun da ya kora. Bayan wata guda aka dawo da Jatau, ya rame, amma da ransa. Manzon da aka aika neman Korau kuwa shi kaɗai ya dawo. Ya ce dattijon ya rasu bara a wani ƙauye na bayan iyaka, kuma har ya mutu mutanen wurin ba su yarda sun ba shi ajiyar ko da akuya ba, don labari ya riga shi isa cewa shi ne wanda ya sace ruwan talakawa.

Sarki ya sa aka kira Tasalla. Wannan karon shi ya sauko daga kan gado ya zauna a tabarma kusa da ita. Ya ce, "Iya, kin san inda ruwa ke tafiya da yadda yake dawowa. Akwai hanyar da zan mayar wa mutumin nan abin da na ƙwace masa?"

Ta ce, "Babu, ya sarki. Ka riƙe iyalinsa, ka sa a wanke sunansa a kowace kasuwa, wannan hakkinsu ne. Amma shi kam ya tafi da abinsa gaban Allah, wanda ba ya gaggawar hukunci."

Sarki ya yi kuka a gaban fadawansa, bai ɓoye fuskarsa ba. Tun daga ranar, duk ƙarar da aka kawo masa, ba ya barin a ambaci sunan wanda ake zargi sai an fara nuna masa yadda abin ya faru. In alƙalansa suka ƙosa da wannan jinkiri, sai ya ce musu, "Mai hukunci, kafin ka tambayi wa ya sata, tabbata an yi sata."