Tara Biyu, Babu Goma

Akwai wani mai buga lambobi a bayan rigunan ƙwallo, wanda duk layinsu ba a san shi da wani suna ba sai Goma-cif. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya ja masa. Duk aikin da ya gama sai ya ɗaga shi sama, ya juya gaba da baya, ya ce, "Goma cif." Kuma a gaskiya mutumin ya iya aiki. Lambar da ya manna, riga za ta tsufa ta yage, ita tana nan daram.

Shagon gadon mahaifinsu ne, shi da ƙaninsa Auta. Ɗaki ɗaya ne mai dogon tebur, da injin da ke matse lamba da zafi, sai akwatin katako mai gida-gida inda ake ajiye lambobin roba.

A saman ƙofa tsohon ya bar rubutu da hannunsa: "Mutum tara yake, bai cika goma ba." Bai daɗe da rasuwa ba Goma-cif ya shafe rubutun da farin fenti. Wai wa zai kawo aiki wurin wanda ya sanar tun daga bakin ƙofa cewa bai cika ba?

Abin dariyar shi ne, tarar da ya raina ita ke ciyar da shagon. Gidanta ne ke fara ƙarewa a akwati, domin duk wanda ya taɓa ƙwallo so yake a ce shi ne lamba tara, mai zura ƙwallo a raga, ko da tumbinsa ya hana shi ganin takalminsa. Direbobi kuma suna zuwa a rubuta musu "Sha Tara Ta Arziki" a bayan mota. Auta kan tsokane su, ya ce su bar fili a ƙasa, ranar da inji ya buga sai a ƙara "Na Shiga Tara."

Aikin nasu a rabe yake. Yayan yana kan inji, Auta yana karɓar riga da zafinta, ya naɗe ya sa a leda. Amma Auta ba ya naɗe riga shiru. Sai ya ɗaga ta, ya kira lambarta da ƙarfi, ya liƙa mata karin magana, kamar yadda ya ga mahaifinsu yana yi.

"Ɗaya, Allah ɗaya gari bamban. Biyu, taura biyu ba ta taunuwa. Uku, na shiga uku."

Inda babu karin magana sai ya ƙirƙiro tasa, masu jira suna ta dariya. In ya zo kan tara kuwa, sai ya saci kallon yayansa ya ja muryar: "Tara, mutum tara yake..." Goma-cif ya tsani wannan surutu. Kullum cewa yake shago ne nan, ba dandalin barkwanci ba.

Wata rana matsalar wutar lantarki ta ɗauke wa Goma-cif hankali, ya fita duba wayar wuta a bayan shago, ya bar Auta a kan inji. Lokacin matar Auta tana da tsohon ciki, watanta ya tsaya. Yana cikin matse wata riga aka kira shi cewa naƙuda ta kama ta, an tafi da ita asibiti. Hannunsa na kan inji, hankalinsa na can. Kafin ya farga ƙauri ya cika ɗakin, bayan rigar ya ƙone ya yi baƙi.

Riga ɗaya ce. Ana iya sayo wata a kasuwa kafin la'asar.

Amma Goma-cif ya shigo, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, a gaban masu jiran aiki. Ya ce Auta bai taɓa tsinana komai ba sai surutu, ya ce shi ke ɗauke da shagon shi kaɗai. Bai tsaya nan ba, sai da ya ɗauko ƙusa ya kafe ƙonanniyar rigar a bango, wai ta zama izina.

Auta ya tattara burushinsa ya wuce asibiti, inda ya tarar an samu 'ya mace. Tun daga ranar bai sake taka shagon ba. Ya kafa ɗan tebur a bakin tasha yana rubutu a jikin motoci. Goma-cif kuwa girman kai ya hana shi zuwa ganin jaririyar, sai dai ya aika matarsa.

Mamansu ta kira shi ta yi faɗa, ta yi lallashi, har da hawaye. Ta ce masa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya sunkuyar da kai kamar mai ji, ya ce to, ya tashi ya yi kunnen uwar shegu da maganar. Amma abin yana cin sa. Shagon ya yi masa shiru, shirun da ya daɗe yana nema, sai ga shi ba daɗi. In zai wuce ta tasha sai ya zagaya ta wani layi.

Ana haka ƙungiyar ƙwallon unguwarsu ta kai wasan ƙarshe na cin kofi. Koci ya kawo sababbin riguna, iya adadin 'yan wasansa, babu rara ko ɗaya, ya ce a buga musu lambobi.

Goma-cif ya kama aiki shi kaɗai, yana matsewa yana naɗewa, lamba a ciki, ya jefa a leda. Yana gama ta tara aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai washegari. Da ya koma kan inji, a ransa a takwas ya tsaya, sai ya sake ɗauko tara ya manna. Ya ƙirga ledojin da ke kan tebur ya ga goma, hankalinsa kwance ya wuce sha ɗaya. Babu mai ɗaga riga ya kira lambarta, balle kunne ya ji an maimaita.

Da Koci ya zo karɓa, ya fara buɗe leda zai duba. Goma-cif ya dafe hannunsa.

"Haba Koci, aikina ake dubawa? Ɗauki ka tafi. Goma cif."

Ranar wasa da yamma wayarsa ta yi ƙara. Koci ne. Ya ce an buɗe riguna a fili, tara biyu ne, goma babu. Kyaftin shi ke sa goma, alƙalin wasa kuma ya ce mutum biyu ba za su shiga da lamba ɗaya ba, in ba a gyara ba ɗaya ya zauna a benci.

Goma-cif ya buɗe baki zai ce ba zai yiwu ba, sai ɗaukewar wutar ta faɗo masa a rai. Ya zari ɗaya da sifiri daga akwati ya cusa a aljihu, ya fita da gudu, ko ƙofar shago bai kulle ba.

Kafin ya isa labari ya riga shi. Daga bakin fili ya ji wani yana cewa, "Ga Goma-cif nan, yau dai goman ta ɓace!" Dariya ta tashi ta ko'ina. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Can a gefen benci ya hango mutum durƙushe, ya shimfiɗa rigar Kyaftin a kan katako, ya juyo cikinta waje, yana gasa bayanta da dutsen guga na gawayi da ya aro wurin mai wanki. Auta ne. Kallon wasa ya zo, ya ji abin da ya faru.

Koci yana tsaye a kansa yana sababi, yana tambayar wane irin sakarci ne wannan. Auta bai ɗago ba, ya ce, "Yi haƙuri Koci. Kuskuren shagonmu ne, kuma yanzu za mu gyara."

Shagonmu. Goma-cif ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Wanda ya tozarta a gaban mutane, yau a gaban mutanen da suka fi waɗancan yawa, ya raba laifin biyu ya ɗauki rabi.

Auta ya waiwayo ya gan shi. Bai yi masa kallon "ka gani ko" ba. Cewa ya yi kawai, "Yaya, zo ka ja min lambar tun da zafinta. Hannu ɗaya ba zai iya ba."

Haka aikin yake. Dole ɗaya yana gasawa ta ciki, ɗaya yana ɓare robar ta waje kafin ta huce. Goma-cif ya durƙusa a cikin ƙura, yana ja a hankali, robar tana ƙona masa yatsu bai damu ba. Da tarar ta fita, ya ciro ɗaya da sifiri ya daidaita su, Auta ya shimfiɗa ƙyalle a kai ya danne da dutsen guga da duk ƙarfinsa.

Goma ta zauna. Sai dai in ka matso kusa, za ka ga inuwar tara a ƙarƙashinta, ta ƙi fita. Goma-cif ya sa farce yana kankara, Auta ya riƙe masa hannu ya ce ya bar ta, daga nesa ba mai gani. Auta ya ɗaga rigar sama ya ce, "Goma, sarki goma zamani goma." Kyaftin ya warce ya zura, ya ruga fili ana tafi.

An tashi wasa ɗaya da nema, 'yan unguwa suka ɗauki kofi. Amma Goma-cif bai ga ko ƙwallon da aka ci ba. Yana zaune kusa da ƙaninsa, hankalinsa ba ya kan fili. Sai da aka watse ya ce, "Auta, na zalunce ka. Ka yafe min."

"Ni na yafe tun ranar, Yaya. Amma akwai wadda ba ta yafe ba. 'Yarka har ta fara zama, ba ta san fuskar babanta babba ba."

Nan hawayen da yake riƙewa suka zubo. Washegari ya tafi gidan Auta da sha tara ta arziki, ya ɗauki yarinyar, ta kama masa gemu ta ja, Mama tana gefe tana dariya tana share ido.

Daga nan shago suka wuce tare. Goma-cif ya zare ƙusa ya sauke ƙonanniyar rigar da hannunsa. Ya hau tsani da burushi, ya mayar da rubutun mahaifinsu a saman ƙofa. Da ya gama ya miƙa wa Auta burushin, ya ce akwai sauran fili a ƙasa, ya cika. Auta ya hau ya ƙara: "Ɗan'uwansa ne cikon goman."

Yanzu in ka bi ta layin za ka ji ana kiran lamba da ƙarfi, kuma yawanci muryar yayan ce. 'Yan unguwa sun sauya masa suna, sun koma ce masa Tara, shi kuma yana amsawa.

Darasi: Mutum tara yake, komai gwanintarsa. Kada ka kafe kuskuren ɗan'uwanka a bango, domin ranar naka tana tafe, kuma shi ne zai durƙusa ya rufa maka asiri. In akwai wanda ka yi wa haka, neme shi tun yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila wani ya karanta ya sauke rigar da ya rataye.