Ramin Maza a Kan Taswira

Gatanan gatananku, jama'ar wannan shafi. Ta zo mu ji ta.

Akwai wani mai awon ƙasa da aka tura ya zana taswirar garin surukansa. Ƙa'idar aikinsa ita ce, duk wurin da ya auna sai ya tambayi dattawa sunansa, ya rubuta yadda suka faɗa.

A bayan gari akwai wani fili da ake kira Ramin Maza. Nan aka yi wani mummunan yaƙi a da, aka haƙa manyan ramuka aka zuba gawarwaki. Ba mai noma a wurin, ba mai gini, don kowace damina ƙasar sai ta lotsa.

Surukinsa shi ne mai unguwa, kuma kakansa ne ya ja mutane zuwa wannan yaƙi, sannan ya gudu ya bar su. Surukin ya kira mai awo zaure, ya ce sunan nan gori ne a kan gidansu.

"Ɗana, alƙalami a hannunka yake. Rubuta Sabon Fili, mu huta."

Mai awo ya sunkuyar da kai. Wa zai musa wa wanda ya ba shi mata? Ya rubuta.

Wata tsohuwa da kakanta ke kwance a filin ta tare shi a hanya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaro, yau ka sake binne su."

Shekaru suka shuɗe, dattawa suka ƙare. Ofishin filaye ya duba taswira, ya ga Sabon Fili, ya yanka filaye ya raba. Cikin waɗanda suka samu har da 'yar mai awo da mijinta. Ta zo da murna tana tsokanarsa, wai yanzu ita ma ta zama mai gida, sai ya riƙa sallama kafin ya shiga.

Maganar ramukan ta zo masa har baki, ya haɗiye. In ya faɗa, ya tona kansa. Ya ce a ransa ai ƙasa ta daɗe da zama.

A damina ta biyu bayan sun yi gini sun tare, aka wuni ana ruwa. Da la'asar ƙasan ɗakin ya lotsa, bango ya rufto a kan jikan mai awo yana barci. Maƙwabta suka yi ta tono da hannu. Suka fito da tsatsattsun kawunan mashi, suka fito da ƙasusuwa, sannan suka fito da yaron, ba rai.

Bayan an dawo daga maƙabarta, 'yar ta zauna kusa da shi, idonta a bushe.

"Baba, kai ka auna wurin nan. Ba wanda ya gaya maka?"



Ƙurunƙus, nan ta tsaya.

Darasi: Sunan da magabata suka bar wa wuri gargaɗi ne ga na baya. Wanda ya goge gaskiya don kunyar babba, ramin da ya rufe, na gidansa ne zai faɗa ciki. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.