Mutumin da Ya Ɗaure Hannunsa Mai Lafiya

Akwai wani mutum manomi wanda ba ya cin tuwo shi kaɗai. Kowace yamma akan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, shi da ƙannensa da maƙwabta su kewaye akushi ɗaya. Shi ne babba, don haka ba mai sa hannu sai ya fara.

Wata rana yana cikin gona, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Aka kai shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun dama ya ƙi. Yana ɗan motsi, sai dai yatsun sun lanƙwashe, ko tsinke ba sa riƙewa.

To, kun san ba a sa hagu a akushin jama'a. Saboda haka ya daina fitowa. Matarsa Tabita takan zaunar da shi a bayan rumbu, tana ba shi a baki da cokali. Ƙanensa Dogara yakan sa masa riga. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce, "Sannu, kada ka wahalar da kanka." Suna ƙaunarsa, babu shakka. Amma shi yana kallon hannun yana ramewa, yana ƙara sandarewa, abin kuwa yana ci masa rai.

Da ya koma asibiti, aka tura shi ɗakin da ake koya wa marasa lafiya motsa gaɓoɓi. Wata ma'aikaciya ta ce, "Baba, matse yatsana." Ya matse, da kyar ta ji.

Ta ce, "Akwai rai a ciki. Wa yake ba ka abinci?"

Ya ce, "Uwargida."

"Hula fa, da wane hannu kake sawa?"

"Da hagu."

Ta ce, "To, shi ya sa. Hannun da ba a sa shi aiki, jiki yakan manta da shi. Kowace rana ka ɗaure na hagun na ɗan lokaci, ka bar na daman ya yi fama. Fara da ƙaramin abu. In ya gaji, ya huta. In ya saba, ka ƙara."

Mutumin ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi, kamar yadda mukan yi da wa'azi. Washegari ya ɗaura fartanya a hannun daman da igiya, ya yi ta sara har rana ta take. Kafaɗa ta kumbura, ya yi kwanaki yana nishi. Tabita ta ɓoye fartanyar. Dogara ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Ka haƙura da yadda Allah ya bar ka."

Nan ransa ya ɓaci. Ya ce, "Allah bai gaya mini hannun nan ya mutu ba. Ku ne kuka faɗa. Ba zan yi masa jana'iza yana manne a jikina ba."

Ya sake komawa wurin ma'aikaciyar. Ta yi masa faɗa sosai. Ta ce, "Baba, yaushe na ce fartanya? Gaya mini, me kake so ya fara yi maka?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "In ci tuwo da mutane."

Ta ce, "Abin da kake so ya iya, shi za ka koya masa. Daga kwano zuwa baki."

Ya dawo gida, ya sa Tabita ta ɗaure masa hagun a ƙugu da tsohon ɗankwalinta. Tana ɗaurewa tana share hawaye. Ya ajiye ƙwaryar gyaɗa a gabansa, yana ɗauka ɗaya ɗaya. Yawanci ba ta kai baki. Kajin gidan suka gane lokacin, da sun ga ɗankwali sai su taru, har suka yi ƙiba. Maƙwabta suka fara raɗa cewa ciwon ya taɓa masa kai. Ya ji, bai kula ba. Akwai makonnin da bai ga wani ci gaba ba, ya yi fushi, ya yi jifa da ƙwaryar, gari ya waye ya ce a ɗauko masa ita. Daga gyaɗa ya koma yankan rogo, daga rogo ya koma lomar tuwo, a ɓoye, a bayan rumbu.

Ranar godiyar kaka, bayan an taso daga sujada a coci, maza suka kewaye akushi. Sai ga shi ya fito, hagu a ɗaure, ya zauna a wurinsa na dā. Dogara ya yi sauri ya kawo cokali.

Ya ce, "Mayar da cokalinka."

Ya miƙa hannun daman. Ya yanki loma, ya tsoma a miyar kuka, ya ɗago. Ta suɓuce, ta faɗi a kan farar rigarsa. Wasu suka kawar da kai don kunya, shi kuwa ko rigar bai duba ba. Ya sake yanka. Miya tana gangara masa har gwiwar hannu, gumi yana zuba, amma lomar ta shiga baki.

Ya haɗiye, ya dube su, ya ce, "Me kuke jira? Tuwo yana hucewa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kowannenmu yana da hannun da ya shanye. Na wani addu'a ce, na wani gafarta wa ɗan'uwa, na wani faɗin gaskiya. Muna da hagun da muke lallaɓawa da shi: mu ce fasto ya yi mana addu'a, mu canza hanya don kada mu haɗu da wanda ya ɓata mana. Za ka kuma sami masu ƙaunarka da za su ce, "Halinka ne, ka haƙura." Kada ka yarda. Ubangiji bai ce abin nan ya mutu ba.

Amma kada ka ɗauki fartanya. Wanda ya shekara bai durƙusa ba, ya ce yau zai kwana yana addu'a, gobe ba za ka gan shi ba. Fara da gyaɗa. Yi 'yar gajeriyar addu'a da bakinka, ka gai da wanda kake gaba da shi ko da muryarka tana rawa, gobe ka sake.

Hannun mutumin nan bai koma kamar dā ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma har ƙarshen ransa, shi yake fara sa hannu a akushi. Kai ma ɗaure hagunka tun yau. Abin da ya zube, kaji su ci.