Manomin da Ya Naɗe Oba-obarsa da Leda

Akwai wani manomi mai gona a fadama, a bakin wani kogi da ke gangarowa daga duwatsu. Kogin nan ba shi da alkawari. Rana tana iya ƙwallewa a fadama alhali ruwa yana zuba can kan tudu, kafin mutum ya ankara ambaliya ta iso. Wayar hannu ba ta kamawa a wurin, saboda haka manoman fadamar suka sayi rediyon oba-oba, irin wadda ake danna maɓalli a yi magana, a saki a saurara. Suka sa wani tsoho da ƙarfin noma ya ƙare masa ya zauna a kan dutse yana duban ruwa. In ya ga kogi ya taso sai ya kira kowa da sunansa, su kuma da kaka su kai masa hatsi. Da wannan aiki tsohon yake ci.

Manomin nan mutum ne mai tattalin kaya, har tattalin ya yi yawa. Ya naɗe tasa rediyon da leda, ya ƙara leda a kan leda, ya ɗaɗɗaure da roba don kada laka ta taɓa ta. In ka gan ta a ƙugunsa sai ka ɗauka ƙullin daddawa ne.

Wata rana da hantsi, ya tara shinkafar da ya yanka a gaɓar kogi yana sussuka, sai ya ji wani ɗan gunaguni a ƙugunsa kamar kukan sauro. Bai kula ba. Da ya ɗaga kai sai ga ruwa ja wur ya taho da itatuwa. Da ƙyar ya tsira da ransa, shinkafar kuwa kogi ya tafi da ita duka.

Ya tafi wurin mai unguwa ransa a ɓace, jama'a suka taru. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan ya gama yayi. Wata da watanni ba na jin abin da yake faɗi, sai ƙus-ƙus kamar mai jin barci. A sauke shi daga dutsen nan, a sa mai murya." Tsohon yana zaune a gefe, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba.

Mai unguwa ya ce, "Kafin mu raba dattijo da abincinsa, a kira mai gyara ya duba rediyon."

Mai gyara ya zo, ya zauna a gaban kowa. Ya yanke robar, ya ɓare leda ta fari, da ta biyu, da ta uku, har mutane suka fara murmushi. Ya gwada batir, ya tarar a cike yake. Ya duba eriya, lafiya lau. Ya hura 'yan ramukan da murya ke fitowa, babu ko ƙura. Sai ya kai yatsa kan abin ƙara murya, ya tsaya, ya dubi manomin.

Ya ce, "Maigida, wa ya murɗa wannan har ƙasa?"

Ya murɗa shi sama, ya sa wani ya koma nesa ya yi magana ta wata rediyon. Murya ta fito rangaɗau, har kajin da ke kiwo a wurin suka watse.

Nan take manomin ya tuna. Da farkon damina tsohon ya yi ta kiran manoma kowace safiya su fito aikin gayya, a gyara hanyar fadama. Shi kuwa yana da nasa noman, ba ya son zuwa, ba ya kuma son ya yi ƙarya. Sai ya rage muryar da hannunsa, don in an tambaye shi ya ce bai ji ba. Daga baya ya naɗa sabuwar leda a kai, ya manta sarai.

Kunya ta rufe shi. Ya faɗi gaskiya a gaban jama'a, ya je ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, ka gafarta mini. Ni na toshe kunnena, na zo ina neman a hana ka abinci."

Tsohon ya buɗe baki, sai a lokacin mutane suka gane dalilin shirunsa. Muryarsa ta dushe ƙwarai, sai da suka matso kafin su ji. Ya ce, "Ɗana, kowa ya amsa mini ban da kai. Na yi ta kiran sunanka har maƙogwarona ya ƙi. Na gode wa Allah da ka fito da rai."

Ma'anar wannan misali ita ce, tsohon da ke kan dutse yana nuna mana Ubangiji, wanda yake ganin hatsari tun daga nesa, yana kiran kowa da sunansa. Rediyon ita ce zuciyar mutum. Ledar kuwa ita ce kyan ganin da muke naɗe kanmu da shi, tufafin Lahadi da gaisuwa mai daɗi, don kada kowa ya ga abin da muka taɓa a ciki.

'Yan'uwa, sau nawa muke cewa Allah ya yi shiru, ko wa'azi ba ya ratsa mu kamar dā? Ni ma na faɗi haka, ina kuwa jin kunyar tunawa. Da na bincika sai na tarar akwai ranar da Maganarsa ta ce in je in shirya da ɗan'uwana, na ga abin ya yi mini nauyi, na rage muryar kaɗan. Wanda ya rage ta don kada ya ji kiran aiki, ba zai ji kiran ceto ba, gama murya ɗaya ce. Kowa ya koma gida yau ya tambayi kansa ranar da ya rage, da abin da ba ya so ya ji. Ubangiji bai daina kiran sunanka ba, ruwa kuwa yana tahowa.